Miliyan 43 a bakin Titin Maiduguri: nazarin cinikin wani gida

Gidan yana bakin Titin Maiduguri a Kano, tsakanin gadar Hotoro da Mariri, a hannun dama idan mutum ya miƙa zai fita gari. Fuloti ne ƙafa 50 da 100, ginin bulo na shekarun 1990, ɗakuna huɗu da falo da soro, sai shaguna uku a gaba suna kallon kwalta. Mai shi ya rasu, magada tara suka yarda a sayar a raba kuɗin. A ƙarshen 2023 suka ba dillalai shi a kan naira miliyan 52.

Mai neman sayen ɗan kasuwa ne a 'Yan Katako ta Na'ibawa, ya doshi shekara 50, yana da mata ɗaya da 'ya'ya biyar, mahaifiyarsa ma tare suke zaune. Alhaji kawai zan riƙa ce masa, yadda yaran shagonsa ke kiransa. Shekara 14 yana haya a Tarauni. Da aka sayar da gidan gadonsu na cikin birni ya karɓi kasonsa, ya haɗa da kuɗin wani fili da ya daɗe da ajiyewa a hanyar Madobi da ɗan abin da ya tara, ya ce wannan karon sai gidan kansa. Ni sana'ata ƙiyasta kuɗin gidaje da filaye, kuma sai da magana ta yi nisa, har ana batun kafin alƙalami, sannan ƙaninsa ya matsa masa a kan a kira wanda zai duba.

Dillalin da ya kawo gidan magana ɗaya yake maimaitawa: "Alhaji, gidan bakin titi ba ya kwantai. Kana barci a ciki, shaguna suna yi maka cefane a waje." Ba ƙarya ya yi ba. Duk wanda ya taɓa zama a lungun da mota ba ta shiga in an tafka ruwan Agusta, ko ya taɓa tallabo mai naƙuda zuwa bakin hanya da tsakar dare, ya san darajar kwalta a ƙofar gida. Tun da aka janye tallafin mai a watan Mayun 2023, kuɗin adaidaita sahu ya shiga lissafin magidanci na kullum, wanda ke bakin titi kuwa ya huta da hawa biyu. Daga nan zuwa Na'ibawa baifas Alhaji zai hau daga Hotoro, ba sai ya faɗa cunkoson cikin gari ba. Ga fitilun titi, ga jama'a har dare, masu ƙwacen waya kuwa layi mai duhu suka fi so. Gadar Hotoro da aka buɗe a farkon 2023 ma, dillalan yankin sun mayar da ita hujjar ƙara farashi.

Kuɗin gida da kuɗin titi

Na fara da raba farashin kashi biyu. A layi na uku bayan wannan gidan, 'yan watanni kafin nan, an sayar da wani mai girma ɗaya da shi, gininsa ma ya fi sabunta, a kan miliyan 30. Ke nan a cikin 52 ɗin, miliyan 30 ce kuɗin wurin kwana, ragowar 22 kuɗin titi ne. To me titin zai dawo da shi? Shagunan uku, na mai faci da na mai man inji da kemis, kowanne dubu 350 yake biya a shekara, duka miliyan 1 da dubu 50. A haka sai an shekara 21 kafin hayar ta mayar da miliyan 22, ba a cire kuɗin gyara ba, ba a cire shekarar da ɗan haya zai zo da ban haƙuri maimakon kuɗi ba.

Alhaji ya ce ai haya tashi take yi, filin ma tashi yake yi, bakin titi kuma ya fi cikin layi saurin tashi. Wannan hujja ce mai ƙarfi, hujjar mai neman inda zai adana dukiya kada faɗuwar naira ta cinye ta. Sai dai ba ita ta fito da shi daga Tarauni ba. Wurin da zai ajiye mahaifiyarsa Hajiya da yara ya fito nema, a hanya ya fara lissafin ɗan kasuwa, kuma daga wannan rana har zuwa yau buƙatun nan biyu ba su daina ja-in-ja a cikin maganarsa ba.

Inda dutsen safiyo yake

Takardu ba su ba da wahala ba. Gidan yana da takardar mallaka ta gwamnati, wadda kowa ke kira C of O. Lauya ya binciki fayil a KANGIS, hukumar rajistar filaye ta jihar Kano, sunan marigayin ne a kai, ba a jinginar da shi a banki ba. Akwai takardar rabon gado ta kotu, magadan tara duk sun yarda za su sa hannu. A cinikin gidan gado a Kano, samun haka ba ƙaramin abu ba ne, domin sau da yawa sai an biya kuɗi wata ƙanwa da ke aure a wani gari take bayyana ta ce ba da ita aka yi ba.

Da safiyo ya zo ne magana ta canza. Duwatsun iyaka biyu na baya ya same su nan da nan, a jikin katanga. Na gaba kuwa babu su a inda kowa ya zata, wato bakin shaguna. Ya buɗe zanen da ke jikin takardar, ya ja tef daga dutsen baya ƙafa 100, sai tef ɗin ya ƙare a cikin shagon mai faci. Aka ture tarin tsofaffin tayoyi, aka share baƙin ƙasa da ƙafa, sai ga kan dutsen siminti ya leƙo daga cikin daɓe, taku ɗaya daga bangon baya, lambarsa ta kusa gogewa. Zurfin shagon mita 6 ne. Mita 1 ce kawai a cikin fulotin, mita 5 a waje. Daga tsakiyar shingen da ya raba titin biyu zuwa dutsen mita 46, zuwa ƙofar shagon kuwa mita 41.

Waɗannan lambobin suna da nauyi. Titin Maiduguri na gwamnatin tarayya ne, kuma abin da Ma'aikatar Ayyuka ta Tarayya take ɗauka a matsayin filin hanyarta shi ne mita 45.72, wato ƙafa 150, daga tsakiyar titi zuwa kowane gefe. A cikin gari za ka ga gine-gine da yawa sun shiga wannan fili, wasu ma sun girmi faɗaɗa titin, shi ya sa a aikace ake komawa ga taswirar da aka yanka unguwar da ita da kuma layin gini da KNUPDA, hukumar tsara birane ta jihar Kano, ta amince da shi. A wannan gidan duka ma'aunan biyu abu ɗaya suka nuna: wanda ya yanka fulotin ya bar wa hanya haƙƙinta, marigayi ne daga baya ya ga fili a gabansa ya ɗora bulo. Shagunan ba su da izinin gini, takardar mallakar kuma wurin zama ta ce, ba kasuwanci ba.

Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta danƙa ƙasar kowace jiha a hannun gwamna, abin da mutum ke riƙewa izinin zama ne, galibi na shekara 99. Sashe na 28 ya ba gwamna ikon janye izinin idan za a yi aikin jama'a, kamar hanya, sashe na 29 kuma ya tanadi diyya a kan gini da sauran abin da mai izinin ya kashe a kan filin. Mai izini aka ce. Wanda ya yi gini a filin hanya, a wajen abin da takardarsa ta ba shi, ba shi da ƙafar da zai tsaya ya nemi diyya. In an ba shi wani abu, alfarma ce.

Babban magajin bai ji daɗin wannan bayani ba. Ya ce, "Malam, shekara 20 shagunan nan suna tsaye, ba a taɓa zuwa da jan fenti ba." Na yarda da shi, amma shirun shekara 20 ba takarda ba ne. A cikin waɗannan shekarun ne aka ba da kwangilar mayar da hanyar Kano zuwa Maiduguri tagwaye a 2006. A cikinsu aka yi gadar Ƙofar Nasarawa da ta Kabuga da ta Gadon Ƙaya a zangon Kwankwaso na biyu, aka yi ta Dangi da ta Ƙofar Ruwa da ta Hotoro a lokacin Ganduje, a daidai watannin da ake wannan cinikin kuma ake shirin soma Tal'udu da Ɗan Agundi. Kowace gada sai ta nemi hannun hawa da na sauka da magudanar ruwa, kuma daga gefen titi ake cire su. Rusau da gwamnatin Kano ta yi a watan Yunin 2023 ma bai bar zukatan mutane ba a lokacin. Babu wanda ya ce za a zo wa waɗannan shagunan gobe. Abin da tef ya nuna dai shi ne, ɓangaren da ya fi ɗaga farashin gidan shi ne ɓangaren da ba ya cikin takarda.

Fenti iya gwiwa

Wanda zai shiga soron gidan sai ya sauka matakala biyu. Ba haka aka gina shi ba. Duk lokacin da aka sake titi sai an zuba jar ƙasa da tsakuwa an ɗora sabuwar kwalta, titin ya yi sama, gidajen gefensa su zauna a ƙasa. A bangon soro da na tsakar gida akwai sabon fenti, amma iya gwiwa ya tsaya, daga nan zuwa sama tsoho ne. Na kankare kaɗan da mukulli, filasta ta zubo kamar gari. Mai faci, wanda ba shi da kaso a gadon, ya faɗi sauran: idan leda ta toshe lambatu aka yi ruwa mai ƙarfi, ruwan titi ta soro yake bi, marigayi har buhunan yashi yake jerawa.

Da ƙanin Alhaji ya haɗa wannan da maganar ƙarar motoci, dillali ya ce ai kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa. Ƙanin ya ce masa ƙarar titi kam sun ji da kunnensu, ba wanda ya ɓoye ta, amma wannan fenti aka shafa mata. Ya yi daidai, kuma bambancin da malaman fiƙihu suke yi ke nan: aibin da mai saye ya gani ya yarda da shi nasa ne, wanda aka ɓoye masa kuwa yana ba shi damar mayar da kaya ko neman ragi. Wannan ta yi amfani a wajen zaman ciniki fiye da duk lambobin safiyo, domin magadan ba sa son a ce sun yi algus a dukiyar mahaifinsu.

Titin da dare

Dillali da hantsi yake kai mutum ganin gida, ko ranar Lahadi bayan la'asar. A lokacin ƙarar titi gunji ne guda ɗaya, adaidaita da ƙananan motoci da hon, kunne yana saurin ajiye shi gefe. Na ce wa Alhaji ya ɗauki tabarma ya je ya kwana. Ya je da ƙaninsa a watan Janairu.

Bayan sha ɗaya adaidaita suka ɗauke, suka ce har sun fara murna. Daga sha biyu zuwa asuba manyan motoci suka karɓi hanya: tireloli masu shanu daga gabas, tankokin mai da ke zirga-zirga a kusa da defon Hotoro, tifofin yashi. Direbobinsu dare suka fi so, hanya babu cunkoso, taya ba ta ɗaukar zafi. Kamar mita 100 daga gidan akwai wurin juyawa, gabansa kuma an yi tudun rage gudu. Kowace tirela sai ta taka birki, iska ta yi tsaki, bodin ƙarfen ya daki tudun, sannan direba ya sake ɗaukar giya daga ƙasa injin yana kuka. A ɗakin gaba gilasan taga suna kaɗawa a cikin ƙarfensu. Ƙanin ya ajiye kofin ruwa a bakin taga, ya ce yana ganin ruwan yana rawa tun kafin ya ji motar.

Mun auna ƙarar da manhajar waya, wadda ba na'urar ƙwararru ba ce amma tana nuna inda aka dosa. Da rana a ƙofar shago tana kai da kawowa a wajajen desibel 70, a tsakar gida ta sauka kusan 58. Hukumar Lafiya ta Duniya, a jagorar da ta fitar wa ƙasashen Turai a 2018, ta ba da shawarar kada matsakaicin ƙarar titi ya wuce 53 a yini da dare gaba ɗaya, da dare kuma kada ya wuce 45. Ma'aunin desibel ba kamar na mudu ba ne da ake ƙirgawa ɗaya bayan ɗaya: ƙarin 10 kunne yana jin sa kamar an ninka ƙarar. Nisa kuma a hankali yake rage ta, domin a titi mai yawan motoci duk ninka nisa kusan desibel 3 kawai yake cirewa. Abin da ke tare ƙara da gaske shi ne gini mai kauri da ya tsaya tsakaninka da titin, wanda ya kare ka daga ganinsa. Bishiya tana kama ƙura tana ba da inuwa, amma layi ɗaya na darbejiya ba ya hana ƙarar tirela. Shi ya sa gidan layi na uku ya fi shiru nesa ba kusa ba: ba nisa kaɗai ba ne, gidaje biyu ne suka tsaya masa. A gidan da ake ciniki kuwa, shagunan nan uku su ne garkuwar tsakar gida. Ranar da aka ɗauke su, haya ta tafi, garkuwa ta tafi.

Akwai abin da kwanan Janairu ba ya nunawa. Cikin hunturu kowa a ɗaki yake, taga a rufe, an lulluɓa. Jarrabawar gidan Kano a bazara take, Maris zuwa Mayu, lokacin da zafin rana ke haura digiri 40, bangon bulo ya wuni yana sha ya kwana yana fesowa, mata da yara su fito da tabarmi tsakar gida. Shawarar da ake karantawa a intanet, ta a sa taga mai gilashi biyu a rufe ruf, an rubuta ta ne don ƙasashen da wuta ba ta ɗaukewa. A nan wanda ya rufe taga a watan Afrilu sai ya tanadi sola ko janareta da na'urar sanyaya ɗaki, in ba haka ba ya zaɓa tsakanin zafi da ƙara.

Iska ma haka. Na shafa yatsa a bakin tagar ɗakin gaba, abin da ya fito ba farar ƙurar hunturu ba ce, baƙi ne mai maiƙo, hayaƙin gas da garin taya da na birki. A 2012 hukumar binciken cutar daji da ke ƙarƙashin Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanya hayaƙin injin dizal a rukunin abubuwan da aka tabbatar suna haddasa daji. Wani babban bita da cibiyar Health Effects Institute ta Amurka ta fitar a 2010 ya nuna cewa tasirin hayaƙin babban titi ya fi ƙarfi a cikin mita 300 zuwa 500 daga gefensa, kuma yana tayar wa yara masu asma ciwonsu. Layi na uku ma bai fita daga wannan da'ira ba, sai dai hayaƙin yana raguwa da sauri a mitocin farko, ɗakin gaban gidan nan kuwa a cikinsu yake. A gidan Alhaji akwai tsohuwa mai hawan jini da yaro ɗan shekara 3.

Tambayar Hajiya

Uwargida tana son gidan. Shekara 14 tana jin mai gida ya aiko a ƙara kuɗi, ta ce ko a kan titin ne ma ta yarda, in dai nasu ne. Damuwarta ɗaya Islamiyyar yara da ke tsallake, wadda sai an ƙetare hannu biyu na motoci masu gudu.

Hajiya ba ta je ganin gidan ba. Da ɗanta ya gama yi mata bayani, da shaguna da kwalta da fitilu, sai ta ce, "Allah ya sanya alheri. Su wa ne maƙwabtan?" Aka rasa mai amsawa. A hagu gidan bulo ne, injinsa na tashi da ƙarfe bakwai. A dama wani ya sayi tsohon gida ya rushe, yana ɗora bene mai shaguna hawa biyu, tagoginsa na baya suna kallon tsakar gidan da mata za su yi girki da wanka da shanya. A ganina wannan ce tambaya mafi nauyi da aka yi a duk cinikin, kuma ba ta cikin abin da masu sana'ata suke aunawa. Bakin babban titi a Kano a hankali yake korar magidanta, gida ɗaya bayan ɗaya yana komawa shago ko asibiti ko gidan mai. Wanda ya rage ba shi da wadda za ta leƙo ta katanga ta ce lafiya na ji yaro yana kuka, ba shi da dattawan da za su shimfiɗa tabarma a ƙofarsa bayan magariba. In suna ya tashi ko rasuwa, a cikin layi rumfa ake kafawa a tare hanya na yini, kowa ya zagaya ba tare da ƙorafi ba. A Titin Maiduguri ina za a kafa ta?

Shawarata biyu ce. Ko ya sayi gidan a matsayin jari, a farashin da bai wuce miliyan 40 ba, ya zuba 'yan haya ya ci gaba da zama inda yake. Ko ya nemi na cikin layi a wajajen 30, ragowar ya mayar cikin katako. Ya saurara da kyau, ya yi godiya, ya ɗauki hanya ta uku: zai saya kuma zai shiga.

An daidaita a kan miliyan 43, bayan an sha "albarka" da tashi da dawowa. Lauya ya rubuta a cikin yarjejeniyar cewa shagunan ba sa cikin iyakar takarda kuma mai saye ya sani, aka sa hannu a gaban mai unguwa, aka shigar da neman amincewar gwamna kamar yadda sashe na 22 ya wajabta kafin mallaka ta koma sunan wani. Dillalai suka karɓi la'adarsu. Gyara ya ci kusan miliyan 4 da rabi: an cike soro an ɗaga daɓensa, an fasa ƙaramar ƙofa ta wani siririn lungu da ke gefe don kada yara su riƙa fitowa kai tsaye bakin kwalta, an ƙara tsawon katangar dama, an mayar da ɗakunan gaba falo da sito, an canza tagogi.

Bayan tarewa

Sun tare a farkon Maris na 2024, ana gab da ɗaukar azumi. Gyaran soro ya yi aiki, damina ta zo ta wuce ruwa bai shiga gida ba, sai dai ya koma shagunan, mai kemis ya nemi a rage masa haya. Ƙofar lungu ma ta yi amfani. Manyan yaran cikin mako biyu suka daina ambaton ƙara. Mutane suna kiran wannan sabo, kuma gaskiya ne mutum yana daina lura, amma masu binciken barci sun nuna cewa bugun zuciya yana amsa ƙarar ko da mai barcin bai farka ba.

Hajiya ba ta saba ba. Ba ta taɓa cewa komai ba, sai dai uwargida tana fitowa ƙarfe uku ta same ta zaune a kan darduma da carbi, ba don lokacin tashinta ya yi ba. Bayan Babbar Sallah ta ce za ta je gidan ƙaramin ɗanta a Darmanawa ta yi kwana biyu. Kayanta a hankali suka bi ta. Ƙaramin yaron ya yi ta tari a hunturun da ya biyo baya, likita ya tambayi inda suke zaune, ya ce a riƙa kwantar da shi a ɗakin da ya fi nisa da titi. Ba zan ɗora wa titin tarin kai tsaye ba, hunturun Kano yana sa yaran cikin lungu ma tari.

Abin da ya juya ran uwargida daban ne. Direbobin tanka sun saba tsayawa a gaban shagunan da dare, su sha shayi su kwana. A watan Oktoban 2024 tankar mai ta faɗi ta kama da wuta a Majiya ta jihar Jigawa, mutane fiye da 150 suka rasu, akasarinsu waɗanda suka je kwasar man. Daga ranar ta fara leƙawa ta soro kafin ta kwanta tana ƙirga tankokin da ke ƙofarta. Alhaji ya yi magana da mai shayi, ya yi da direbobin, suka matsa gaba na 'yan kwanaki suka dawo. Filin da suke tsayawa ba nasa ba ne, takardarsa ma ta shaida haka.

Ta fuskar kuɗi Alhaji bai faɗi ba. A 2025 an taya gidan miliyan 68. Amma irin na layi na uku ma a lokacin ya kai wajajen 45, saboda siminti da rodi da komai sun tashi. Nasa ya ƙaru da kashi 58 cikin 100, na cikin layi da kashi 50, kuma idan aka sa kuɗin gyara a lissafi ratar ta rufe. Dillali ya yi gaskiya cewa gidan ba zai yi kwantai ba, masu nema suna zuwa. Sai dai a cikin duk waɗanda suka taya babu mai niyyar kwana a ciki. Ɗaya shaguna zai yi, ɗaya wurin sayar da motoci, ɗaya kuma ƙaramin asibiti.

Mai asibitin ne ya kawo tayin da ake kai yanzu: zai karɓi gidan duka haya a kan miliyan 3 da rabi a shekara, in an samu izinin canza manufar filin daga zama zuwa kasuwanci. Alhaji ya shigar da takardar neman izinin, lissafinsa shi ne ya kama haya a cikin layi da rabin kuɗin, ya riƙe gidan yana tashi. Uwargida ta ce ita ba za ta sake ɗaura kaya zuwa gidan haya ba, in tashi za a yi a sayar a sayi na cikin unguwa, a ware wa Hajiya ɗaki ta dawo. Ba su gama daidaitawa ba, amma Alhaji ya ba dillalai biyu cigiyar gida tsakanin Hotoro da Tarauni, da sharaɗin kada ya gaza mita 200 daga kwalta, kuma sai a watan Afrilu zai je ya kwana a ciki kafin ya taya.